Damin Gero a Barandar Furera

A shekarar 1976, lokacin da kuɗin fetur ya sa mutanen Katsina suna ta rushe ginin ƙasa suna tayar da na bulo, Malam Maitama ya ce shi ma zai gyara gidansu na gado da ke Ƙofar Kaura. Ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati, an yi masa ƙarin girma, an kuma ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata da ke bayan gari. Mahaifinsa ya rasu a farkon shekarar, babu wanda ya rage a tsohon gidan sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inno. Da magina suka ce sai an kwashe kaya kafin su sa diga, ya ɗauko ta ya kawo ta kwatas, a kan ta zauna wata uku ko huɗu har a gama.

Matarsa Furera malama ce a makarantar 'yan mata, ɗinki da saƙa take koyarwa. Shekararsu ɗaya da aure. Ɗiyar wani malamin asibiti ce, a gidajen gwamnati ta tashi, bana Zariya baɗi Funtuwa, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ta share wa Inno ɗakin da ya fi iska, ta shimfiɗa mata sabuwar katifa, ta ɗinka labule da hannunta.

Inno ba ta yi ƙorafin komai ba. Abin da ya dami Furera ke nan, domin ta san matar a gidanta. A Ƙofar Kaura, tun daga zaure kake jin muryar Inno. Suna da gona a bayan ganuwa, kuma ko da yake ita ba ta zuwa, komai na gonar nan a hannunta yake ƙarewa. Idan kaka ta yi, jakuna ne ke jeruwa a ƙofar gida, ita kuwa tana tsaye a soro na biyu tana cewa wannan dami a kai rumbu, wancan a kai gidan liman, wannan na zakka ne kada a taɓa. To, a wannan shekarar gwamnati ta karɓi filin gonar za ta gina ofisoshi. An biya diyya, ba a cuci kowa ba. Amma miji da gona da gida duk sun fita daga hannun Inno tsakanin sallah da sallah.

A kwatas sai ta shige ɗaki ta saki labule. Idan Furera ta durƙusa ta gaishe ta, za ta amsa da kyau, ta sa mata albarka, shi ke nan. Abinci kuwa loma biyu, ta ture kwano. Furera ta gwada shinkafa, ta gwada shayi da madarar gwangwani, ta aika cikin gari aka sawo fura mai kyau. Duk ɗaya. Maitama ya kai ta wurin likita, likita ya ce bai ga ciwo ba. Ya sawo mata rediyo, ta gode, ta lulluɓe shi da ƙyalle kada ya yi datti. Kafin damina ta ɗauke, zanenta ya fara yi mata yawa.

A gidan da ke kallon nasu akwai wata Baturiya 'yar Kanada da ke koyarwa a sakandare. Wata ranar Alhamis, a ƙarshen watan Oktoba, ta ajiye wata ƙatuwar kabewa a kan matakalar barandarta. Ta ƙwaƙule cikinta, ta yanka mata idanu da hanci da baki mai giɓi. Da magariba ta kunna kyandir ta sa a ciki. Maitama ba ya gari, ya tafi Kaduna taro tun jiya.

Furera tana shirin alwala sai ta ji an ce, "Ke, 'yar nan. Zo."

Ta saki buta ta ruga, don tun zuwan Inno ba ta taɓa kiranta ba. Ta same ta tsaye a bakin taga, ta ɗage labule da yatsa ɗaya.

"Mene ne wancan?"

"Kabewa ce, Inno."

"Na san kabewa ce. Wa ya yi mata wannan ɓarna?"

Furera ta riga ta tambayi Baturiyar da rana, saboda haka ta yi bayani. Al'adar ƙasarsu ce. Idan an gama girbi sukan ƙawata ƙofar gida da kayan gona, yara kuma su bi gida-gida ana ba su alewa, kamar dai tashe.

"Tashe da kabewa," in ji Inno. "Wannan kau ai miyar taushe ce ta gida guda, har a ba maƙwabta. Ko ta cire irin? Halan zubarwa ta yi." Ta ƙara leƙawa. "Ba ta ma san zaɓe ba. Mai kore-koren nan ruwa gare ta. Da mai fari-fari ta samu."

Furera ta tsaya tana saurare, ba ta so ta yi motsin da zai katse ta. Amma sai Inno ta saki labule, ta koma bakin gado ta zauna.

"Ashe har an yi kaka," ta ce a hankali. "Ni ban ma sani ba."

Maganar nan ta tsaya wa Furera a rai. Ranar Juma'a tana gaban ɗalibai tana nuna musu yadda ake haɗa zare ja da ruwan ɗorawa, hankalinta yana kan barandar gidanta: ginshiƙan ƙarfe biyu, matakala uku, da ɗan fili a gaba wanda ciyawarsa ta fara bushewa, sai wata fulawa guda da tsohon mai gidan ya bari. Tun da suka tare ba ta taɓa yi wa wurin kallon kirki ba.

Asabar ranar cefanenta ce. Ta yafa mayafi ta shiga tasi zuwa Babbar Kasuwa, ta wuce 'yan atamfa ba ta tsaya ba, ta nufi 'yan hatsi tana tambayar Mati. Mati shi ne dattijon da ya kula da gonar su Inno shekara talatin. Da gonar ta tafi, ya kama rumfa yana awo. Ta same shi a bayan tsibin dawa, ta durƙusa ta gaishe shi. Suka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanya, kana ya tambayi Inno.

"Tana nan, Baba Mati. Gero nake so."

Ya jawo tiya.

"Ba sussukakke ba. Da zangarniyarsa nake so, a ɗaure, yadda yake fitowa daga gona. Da dawa da karanta, fara da ja. Da kabewa, da duma, da barkono, da duk abin da kuke kawowa gida in kaka ta yi."

Mati ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Malama, rumbu za ki gina a gidan gwamnati?"

Sai ta gaya masa komai, har da loma biyun. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana juya tiyar a hannunsa.

"Inno ce ba ta magana?" ya ce. "Matar da in na kawo dami tana ɗaga shi da hannu ɗaya ta ce mani an rage zangarniya ukku?" Ya girgiza kai. "Ƙanena na da gona wajen Batagarawa, bai yi sussuka ba tukuna. Gobe in Allah ya kai mu zan samo a-kori-kura in kawo maki."

"A jaki nake so."

"Jaki? Yanzu kowa ya saida jakinai ya sai babur."

"Don Allah, Baba. Ko biyu ne. Ina so ta ji su."

Mati ya dube ta sosai, irin kallon da bai yi mata ba da farko. Ya ce to.

Lahadi da hantsi jakuna uku suka shigo layin kwatas, Mati yana gaba, ƙanensa yana baya da sanda. Ba a taɓa ganin haka a layin ba. Masu wanke mota suka tsaya da soso a hannu. Matan ma'aikata suka fito bakin ƙofa. Da suka iso ƙofar gidan, jaki ɗaya ya ware baki ya yi kuka mai tsawo, kamar an roƙe shi. Furera ta saci kallon tagar Inno. Labulen ya motsa, amma bai buɗe ba.

Ta ci ɗamara ta kama aiki. Ta fara share filin tas, ta yayyafa ruwa. Ta sa Mati ya jingina karan dawa a jikin ginshiƙan nan biyu, kawunan suna sama, ya ɗaure da igiyar rama. Farfara a dama, kaura a hagu, har ƙarfen ya ɓace gaba ɗaya, sai ka ce barandar a kan kara take tsaye. Ta ja baya ta duba, ta ce a'a, fari ya yi yawa a gefe guda, aka kwance aka cakuɗa. Tun ranar Asabar ta sayo barkono da tattasai a kasuwa, ta zauna da allura ta shirya su a zare, dogayen sarƙoƙi, sai ta hau kujera ta rataya su a bakin rufi suna lilo, ja a kan farin fenti. Tsakanin kowace sarƙa biyu ta sa goyon masara uku da aka ɗaure da bawonsu.

Kabewa goma sha ɗaya Mati ya kawo. Ta jera su a kan matakala, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba ta bar biyu masu launi ɗaya sun haɗa kafaɗa ba. Dumame masu dogon wuya ta kwantar da su a gefen hanyar shiga, daga bakin titi har matakala. Ta fito da faya-fayan aurenta, waɗanda tun jere ba a taɓa su ba, ta zuba gyaɗa a ɗaya, wake a ɗaya, jan zoɓorodo a ɗaya, ta sa curin auduga a tsakiyar kowanne. Ta ɗebi zangarniyar gero ta saƙa su da kaba kamar mafici, ta kafa a saman ƙofa. Fulawar da ke tsakiyar fili ba ta cire ta ba, ta kewaye gindinta da harawa, sai ga shi ta dace da wurin kamar da ma don haka aka shuka ta.

Wata matar akawu daga gida na uku ta ce, "Malama, biki za a yi?"

"A'a. Kaka ce."

Baturiyar ta tsallako titi, ta tsaya ta haɗa hannu a ƙirji tana kallo. Ta ce a ƙasarsu ma ba ta taɓa ganin wanda ya kai wannan ba. Furera ta gode mata, amma idonta yana kan taga.

Saura damman gero uku. Biyu Mati ya tsayar a gefen ƙofa yadda suka zo. Ɗaya ya kwance a hanya, Furera ta ce ita za ta sake ɗaure shi. Ta tattara zangarniyar yadda ta ga dama, wasu kai sama wasu kai ƙasa, ta naɗe da igiya ta ƙulla irin ƙullin da ake yi wa ƙunshin kaya. Damin ya tsaya a karkace, cikinsa ya bulluƙo gefe.

Mati ya kasa haƙuri. "Malama, kawo in gyara maki. Wannan ai abin kunya ne."

"Bar shi haka, Baba."

"In iska ta taso..."

"Na sani. Taimake ni mu kai shi can."

Suka ɗauka suka ajiye shi daidai ƙarƙashin tagar Inno. Mati ya dubi damin, ya dubi tagar, sai ya rufe bakinsa da hannun riga ya juya baya.

Ba a yi minti goma ba aka ji ƙarar sakata. Inno ta fito tana dafa bango, hasken rana ya sa ta runtse ido. Ba ta kalli barkono ba, ba ta kalli kabewa ba. Kai tsaye ta nufi damin.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ce, Inno."

"Mati, kana tsaye?"

Mati ya zube ya kwashi gaisuwa. Ta amsa a gajarce.

"Kana tsaye aka yi wannan? Kwance shi. Ke kuma zo ki gani, ba kullum nake raye ba. Kai da kai, gindi da gindi. Ki raba biyu, ki haɗa su baki da baki. A'a, ba haka ba. Miƙo mani igiyar."

Hannunta ya rame, amma da ta ja igiyar ta murɗa ta soke bakin, damin ya miƙe tsaf. Ta dafa shi tana haki. Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dubi sauran. Ta bi ginshiƙan da kallo tun daga ƙasa har sama. Ta taɓa kan dawa, ta murje ƙwaya biyu a tafin hannu, ta sa ɗaya a baki ta ciza.

"Ta wa ce?"

"Ta Bala ce, ƙanena."

"Ya yi saurin yanka. Da ya ƙara mata kwana biyar." Ta juya ga Furera. "Wannan jeren ke kika yi?"

"Ni ce."

Inno ta kai dubanta ga mafici na saman ƙofa. "Kina da ido," ta ce. "Kawo mani tabarma. Nan zan zamna."

Ranar nan a baranda ta yi azahar da la'asar. Mati ya zauna a ƙasan matakala suna ta lissafin gonakin bayan ganuwa, ta wa aka gine, ta wa ta rage. Furera ta dama fura ta ajiye kusa da Inno, ta koma ciki. Da ta dawo ɗaukar ƙwaryar, babu komai a ciki.

Kashegari aiki ya samu. Tsuntsaye suka gano geron, awakin masu gadi suka gano harawar. Furera za ta tafi makaranta tana tunanin yadda za a yi, Inno ta ce ta tafi abinta, ta dai bar mata kara mai tsawo. Da ta dawo da rana tun daga kan kwana take jin muryar: "Kai! Kai, ja can, mara kunya!"

Talata da azahar Maitama ya dawo. A kan rufin Fijo ɗinsa an ɗaure kujerun ƙarfe huɗu masu farin fenti da ɗan tebur, a kujerar baya kuma furannin roba a cikin tukwanen tangaran. A Kaduna ya saye su don baranda, domin shugaban ofishinsu, Alhaji Sada, ya ce zai biyo bayan la'asar ya ga sabon gida. Ya taka birki a bakin titi, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, bai bi ta gaba ba, ya zagaya ta ƙofar kicin.

"Furera, mene ne wannan?"

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

"Lafiya. Mene ne wannan a ƙofar gidana? Har da kashin jaki a bakin titi!" Yana magana ƙasa-ƙasa, amma jijiyar wuyansa ta tashi. "Kin san wa zai zo yau? Mutumin da ya yi kwas a Ingila. Shekara nawa ina aiki kafin a ba ni gidan nan, ki mai da mani shi kasuwar ƙauye? Ko shawara ba ki yi da ni ba."

"Ban yi ba. Ka yi haƙuri, wannan laifina ne. Ba ka nan, kuma na ga abin ba zai jira ba."

"A kwashe kafin la'asar."

"To," in ji Furera. "Za a kwashe. Amma kai za ka faɗa wa Inno."

"Me ya haɗa Inno da wannan?"

"Tana waje."

Ya dube ta kamar bai ji ba. Sai ya bi ta falo ya buɗe ƙofar gaba. Karan dawa ne ya kare Inno, shi ya sa bai gan ta daga mota ba. Tana zaune ta miƙe ƙafa, faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa, tana jefa ɗaya a baki tana jefa biyu a kwano. Ya durƙusa zai gaishe ta.

"Ɗaga ƙafarka, ka taka mani zoɓo," ta ce. "Ka dawo lafiya? Ka rame. Ba su ba ku abinci a Kadunan? Ka ga dawar Bala? Ya yi saurin yanka, na faɗa ma Mati. Kuma in ka huta ka samo mani wanda zai toshe ramin can na shinge, ta nan awaki ke shigowa."

Maitama ya ce to. Ya sake cewa to. Ya zauna a kan matakala tsakanin kabewa biyu, da rigarsa ta zuwa taro, yana kallon bakin mahaifiyarsa yana motsi. Ta miƙo masa gyaɗa, ya karɓa. Bai yi maganar kwashewa ba. Da ya tashi, ya sauke kujerun da kansa ya kai su sito.

Alhaji Sada ya iso bayan la'asar a doguwar mota. Ya fito yana gyara babbar riga, ya tsaya ya ƙare wa gidan kallo, ya fashe da dariya.

"Maitama! Gida muka ba ka ko rumbu? Ashe Sarkin Noma muke da shi a ofis ba mu sani ba."

Furera tana bayan ƙofa tana ji. Ta san yadda mijinta yake jin nauyin mutumin nan, ta san kuma yadda dariya take yi masa ciwo. Ta ji ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, aikin iyalina ne. Don mahaifiyata ta yi. Ga ta nan."

Alhaji Sada ya ga tsohuwa, ya rage murya, ya cire takalmi ya gaishe ta da ladabi. Suka shiga ciki, aka ci abinci, aka yi hirar siminti da ya maƙale a tashar jirgin ruwa ta Ikko. Bai ƙara tayar da zancen baranda ba. Amma kashegari sunan ya riga Maitama isa ofis. Har masinja sai ya ce, "Sarkin Noma, an gaishe ka." Abin ya ci masa rai. Kwana biyu yana shigowa gida ba walwala, gaisuwa kawai ke haɗa shi da Furera. Ita kuwa ba ta bi shi da ban-baki ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta ci gaba da abin da take yi. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta za ta share filin, ta yayyafa ruwa, ta juya kabewar da rana ta fi duka, ta canza sarƙar barkonon da ta yi baƙi.

Ranar Asabar sai ga Maitama da mai hoto daga cikin gari, a bayan Besfa, da kyamara a wuya.

"Kafin tsuntsaye su cinye," ya ce, bai kalli Furera ba.

Inno ta ce ita ba za a ɗauke ta ba, me za a yi da hoton tsohuwa. Aka yi ta lallashi. Daga baya ta ce to, amma a jira ta canza kallabi, kuma a matso da babbar kabewar nan kusa da ita. Maitama ya tsaya a dama. Furera ta tsaya can gefe, kunya ta hana ta matsowa.

"'Yar nan, zo nan," in ji Inno. "Mai aikin ce za ta tsaya a bayan kara?" Ta kamo hannunta ta zaunar da ita a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa.

Labari ya bazu. Da yamma mutane sukan rage tafiya in sun zo daidai gidan. Wasu ma'aikatan da suka yi wa Maitama dariya sun kawo matansu su gani. Wata 'yar Ilori da ke ƙarshen layi ta rataya masara a ƙofarta, wani malamin makaranta ya jingina karan dawa a tasa. Ba wanda nasa ya yi kyan na Furera, amma layin ya canza kama. Matan kwatas, waɗanda da ba su wuce gaisuwa daga nesa, suka fara zuwa zama wurin Inno. Tana koya musu yadda ake gane waken da ƙwaro ya shiga, tana yi musu faɗa a kan shinkafar buhu.

Kwana goma sha tara abin ya yi. A rana ta ashirin Inno ta ƙwanƙwasa wata kabewa da yatsa, ta saurara, ta kira Furera.

"Ya isa. Abinci ne, ba a barin shi ya lalace don kallo. Gobe a sauke."

Furera ta ji ba daɗi, don ta saba da fitowa ta gan shi. Amma ta ce to. Aka aro turmi biyu daga cikin gari. Mata shida suka taru a bayan gida, Inno a kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, aka sussuke geron da dawar, aka sheƙe. Furera ta karɓi taɓarya, kafin azahar tafin hannunta ya yi bororo, ba ta ajiye ba. Aka fitar da na sadaka tukuna. Kabewa aka yanka aka rarraba gida-gida, ranar nan kusan duk layin miyar taushe aka yi. Irin kuwa Inno ta wanke da kanta, ta shanya, ta ƙulle a tsumma da toka.

Magina ba su gama ba sai bayan Babbar Sallah. Ranar da za a mayar da Inno Ƙofar Kaura, Maitama ya loda kayanta a mota, ita kuma ta tsaya a ɗan filin nan tana tona ƙasa da bakin takalmi, nan da can. Ta kira Furera, ta danƙa mata ƙullin irin.

"In ruwa ya sauka, ki shuka gabas da famfo. Ƙasar can ta fi. Rami ukku sun isa, kada ki cika. In ta fara yaɗo ki aiko a ɗauko ni in gani."

"To, Inno."

"Kuma ki riƙa cin abinci. Kin fi ni rama."

Ta shiga mota ta zauna a gaba, ta ce wa Maitama ya bi ta bayan ganuwa, tana so ta ga abin da aka gina a gonar.